Tarihin Musulunci A Gidan Silima, Daga Yusuf Wahbi Zuwa Arrisala

 

Ya ku iyayenmu dattawa da 'yan'uwa samarin zango, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata 'yar magana ce da ta faru a makarantarmu. Muna cikin darasin Sira, mun kai kan Hijira, sai na tambayi yara, na ce wa ya raka Manzon Allah cikin kogon Sauru? Wani yaro mai ƙoƙari ya ɗaga hannu da sauri ya ce, “Malam, shi kaɗai ne.” Na ce a wane littafi ya ga haka? Ya ce ai ya kalli Arrisala ya fi sau biyar, ya ga saƙar gizo, ya ga kurciya, amma bai ga kowa ba. Yara suka fashe da dariya, ni kuwa na yi shiru, gama na san inda ya samo amsarsa. Ni ma a gidan bidiyo na fara ganin wannan fim ina ɗan yaro, muna zaune bisa benci an cushe kamar kifi a kwando, kuma har gobe ina ƙaunarsa. Abin da ya ɓoye Sayyidina Abubakar ga idon yaron nan tsohon al'amari ne, yana da tarihi, shi na ke so in warware muku gwargwadon hali.

Asalin maganar a Masar ta ke, cikin shekarar 1926. A lokacin nan silima ba ta fara magana ba tukuna, hoto ne kawai ke motsi bisa farin ƙyalle. Wani Baturke mai suna Widad Urfi ya zo Alƙahira da niyyar shirya fim a kan rayuwar Annabi, da kuɗin wani kamfani na Jamus. Ya nemi Yusuf Wahbi, wanda ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Ramsis a 1923, ya fito a matsayin Manzon Allah, shi kuwa ya amsa. Da labari ya fita a jaridu sai gari ya ɗauka. Malaman Azhar suka tashi tsaye suka ce wannan haramun ne, Sarki Fu'ad kuma ya aika masa da gargaɗi, cewa in ya kuskura to za a raba shi da zama ɗan ƙasar Masar. Yusuf Wahbi ya janye, ya ba jama'a haƙuri, fim ya mutu tun ba a ɗauki hoto ko ɗaya ba. Daga nan hukumar Masar ta sa doka, ba a nuna surar Annabawa a silima, aka kuma haɗa da iyalan gidan Annabi da manyan Sahabbai. Ku lura da kyau, Masar ba ta fitar da dogon fim nata na farko da a ke ƙirgawa ba, watau Laila, sai a 1927. Ashe an gina katanga tun kafin a gina gidan.

Sa'an nan aka yi shekara ashirin da biyar silimar Masar tana harkar gabanta. Magana ta shigo a 1932, aka buɗe Studiyo Misra a 1935, Ummu Kulsum da Muhammadu Abdulwahab suka cika kasuwa da waƙa da labarun soyayya. Wannan zamani ba shi ne abin nufinmu yau ba, mu wuce.

A 1951 aka sami wanda ya gano ƙofa a jikin katangar nan. Ibrahim Izzuddin ya ɗauki littafin Ɗaha Husaini mai suna Alwa'adul Haƙƙu ya mai da shi fim, ya sa masa suna Zuhurul Islam. Dabararsa ita ce, tun da ba dama a nuna manya, to, a ba da labari ta bakin ƙanana, watau bayi da raunana waɗanda suka sha azaba a Makka, irin su Yasir da Sumayya da ɗansu Ammar. Annabi yana can bayan fage, labarinsa a ke ji a bakin mutane, ba a ganinsa. Fim ɗin ya karɓu ƙwarai, sai wasu suka bi sawu: Bilal Mu'azzinur Rasul a 1953, Halid bin Walid a 1958, Hijratur Rasul a 1964, Fajrul Islam a 1971, Asshaima'u a 1972. Na kalli mafi yawansu, kuma in za a bar ni in faɗi gaskiya, suna da aibi guda da ya game su. Kafirin Makka a cikinsu kullum ƙaton mutum ne mai kaurin gira, ga tulun giya a hannu, yana ta ƙyaƙyata dariya ba dalili, Musulmi kuwa farin kaya da sanyin murya da ɗaga ido sama. Wanda ya karanta Ibn Hisham ya san Ƙuraishawa attajirai ne masu wayo da fasahar harshe, sun san siyasa, sun san ciniki tun daga Yaman har Sham. In an mai da su wawaye, to, an rage girman nasarar da aka yi a kansu. Amma ta wajen Larabci ba ni da abin cewa sai yabo. Na kan gaya wa manyan ɗalibaina su saurari yadda 'yan wasan nan ke fitar da haruffa da i'irabi, gama darasi ne na kyauta.

Wani abin ban dariya a nan: wanda ya fito a Abu Jahal cikin Zuhurul Islam wani hafsan soja ne gwanin hawan doki, Ahmad Mazhar. Bayan shekara goma sha biyu shi ne dai ya fito a Salahuddin.

Wannan fim, Annasir Salahuddin, wanda Yusuf Shahin ya shirya a 1963, ya cancanci mu dakata a kansa, domin shi ne ya fi nuna yadda silima kan tanƙwara tarihi ta bi son zamaninta. Wata mace ce ta zuba dukiyarta a ciki, Asiya Dagir, kuma Najib Mahfuz yana cikin waɗanda suka sa hannu a labarin. Kyau kam yana da kyau, dawaki da tutoci da launi, kusan sa'a uku ba ka gajiya. Amma an yi shi a zamanin Jamal Abdunnasir, sa'ad da kiran haɗin kan Larabawa ke tashe, har sunan fim ɗin ma yana ɗauke da sunan shugaban. Saboda haka Salahuddin na cikin fim kullum maganarsa Larabawa da ƙasar Larabawa, alhali kuwa mutumin nan Bakurde ne, an haife shi a Tikrit, kuma da sunan Musulunci ya tara rundunar da ta ci yaƙin Hiɗɗin ta buɗe Ƙudus a 1187.

Akwai wanda ya fi wannan. Cikin fim ɗin akwai wani jarumi Isa Al'awwam, an nuna shi Kirista ne Balarabe, kwamanda a rundunar Salahuddin, har da soyayya tsakaninsa da wata Baturiya mayaƙiya. To, Isa mutum ne na gaske, Alƙali Baha'uddin ibn Shaddad, wanda ya zauna da Salahuddin ya kuma rubuta tarihinsa, ya kawo labarinsa. Musulmi ne, gwanin iyo. Sa'ad da Farangawa suka kewaye birnin Akka, daga 1189 zuwa 1191, shi ke ɗaura wasiƙu da kuɗi a ƙugunsa, ya nutsa da dare ta ƙarƙashin jiragen abokan gaba ya kai wa mutanen da ke ciki. Wani dare ya tafi da jaka uku na zinariya, dinari dubu, aka ji shiru. Bayan 'yan kwanaki teku ta turo gawarsa gaɓar birnin, aka sami zinariyar da wasiƙun ɗaure a jikinsa ba abin da ya taɓa su. Ku duba wannan labari, wane marubuci ne zai ƙago wanda ya fi shi? Amma aka ajiye shi aka ɗinka wani, domin a lokacin ana so a nuna Musulmi da Kiristan Larabawa a sahu ɗaya. Manufar ba ta da laifi, mu ma a nan zango muna zaune lafiya da maƙwabtanmu Kirista. Sai dai an biya kuɗinta da amanar mutumin da ya mutu a kan amana.

Yanzu mu zo kan Arrisala. Mai shi, Mustafa Akkad, mutumin Halab ne a ƙasar Sham, an haife shi a 1930, ya tafi Amurka yana saurayi ya koyi aikin silima a Kalifoniya. Burinsa ya gabatar da Musulunci ga mutanen Yamma da harshen da su ke ji. Ya kai labarin gaban malaman Azhar da majalisar malaman Shi'a ta Labanan suka duba, aka fara ɗauka a Maroko a 1974, aka gina Makka ta kwaikwayo kusa da Marrakish. Ana cikin aiki sai Rabiɗa ta Makka ta nuna ƙin yarda, hukumar Maroko ta janye hannunta, ya kwashi jama'arsa da kayansa ya koma Libiya, inda Gaddafi ya ba shi wuri da kuɗi ya ƙarasa. Fim biyu ya ɗauka a fage guda: 'yan wasan Turanci su yi nasu su koma gefe, na Larabci su shigo su maimaita. Anthony Quinn ne Hamza a na Turanci, Abdullahi Gais a na Larabci. Hindu kuwa Irene Papas da Muna Wasif. Bilal na Turanci ɗan Afirka ta Yamma ne kamarmu, Johnny Sekka, haifaffen Dakar. Ni dai na Larabcin na fi so, kuma ba don ina malamin Larabci kaɗai ba. Ku kalli wurin da Ja'afar ke magana gaban Najjashi a duka biyun, ku yi hukunci da kanku.

Akkad ya tsare katangar 1926 sosai. Ba fuskar Annabi, ba muryarsa, ba inuwarsa. In ana magana da shi sai ɗan wasa ya dubi na'urar ɗaukar hoto, a yi shiru, a sa wani sauti mai taushi, sa'an nan wani ya maimaita abin da aka ce. Ana ganin taguwarsa. Matansa da 'ya'yansa da Halifofi huɗu duk ba wanda ya fito, Sayyidina Ali ma bakin takobinsa Zulfiƙar kaɗai a ke gani ranar Badar. Duk da wannan taka-tsantsan jita-jita ta riga fim ɗin isa ko'ina, ana cewa wai Quinn ne ya fito a Annabi. A watan Maris 1977, lokacin da aka fara nuna shi a Amurka, wasu mutum goma sha biyu ƙarƙashin Hamaas Abdul Khaalis suka kame gine-gine uku a Washinton, suka tsare mutane fiye da ɗari, har wani ɗan jarida ya rasa ransa, kuma cikin buƙatunsu akwai a hana nuna fim ɗin. Jakadun Masar da Pakistan da Iran ne suka shiga tsakani aka saki mutane. A Saudiyya kuwa ba a nuna shi a gidan silima ba sai 2018, bayan shekara arba'in da biyu da fitowarsa.

To, nan ne yaron makarantata ya yi tuntuɓe. Ladabin da ya hana a nuna Abubakar shi ne kuma ya fitar da shi daga labarin. Mai kallo yana ganin Hijira ba abokin kogo, alhali Alƙur'ani ya ambace shi a aya ta 40 ta Suratut Tauba. Yana ganin shekarun Makka ba musuluntar Umar, ba Nana Hadiza. Hamza da Zaidu da Bilal da Ammar su suka ɗauki nauyin labarin duka, har yaro ya ɗauka Hamza ne na biyu a Musulunci. Yaƙin Handaƙ ma babu shi. Ban ce Akkad ya yi kuskure da ya tsare katanga ba, da ni ne ma haka zan yi. Amma kowane zaɓi da kuɗinsa, kuma yaranmu ne ke biya in ba wanda ya zauna kusa da su ya cike musu gurbin.

Waɗanda suka zo bayansa sun fara tsallake katangar. A azumin 2012 tashar MBC ta nuna wasan Umar, wanda Hatim Ali ya shirya, aka fito da fuskokin Halifofin nan huɗu ƙuru-ƙuru. Wasu malamai, cikinsu har da Shaihu Yusuful Ƙardawi, sun duba labarin, Azhar kuwa ta tsaya kan bakanta na da. A 2015 Majid Majidi na Iran ya fito da fim a kan ƙuruciyar Annabi, yana nuna yaro ta baya ba tare da fuska ba, Azhar ta sake ƙi. A azumin 2025 aka nuna wasan Mu'awiya, gardama ta sake tashi, Iraƙi ta hana shi. Samari kan tare ni su ce, “Malam, wanne za mu kalla in sabo ya fito?” Amsata ita ce, ni ban isa in halatta abin da Azhar ta hana ba, kuma zuciyata ba ta natsu da ganin wani ɗan wasa da sunan Umar ba, gobe kuma a gan shi yana tallar sabulu. Na san akwai malamai da suka fi ni sani da suka sauƙaƙa, ban kuwa ce sun ɓata ba.

Fim ɗin da na fi jira shi ne wanda ba zai zo ba. Bayan Arrisala, Akkad ya yi Umar Muhtar, labarin malamin allo na Libiya da ya yi shekara ashirin yana yaƙar Italiya har suka rataye shi a 1931. Daga nan ya shafe sauran rayuwarsa yana neman kuɗin da zai shirya Salahuddin, bai samu ba, ko da ya ke finafinan ban tsoro na Halloween da ya sa kuɗi a cikinsu suna ta kawo riba a Amurka. A watan Nuwamba 2005 yana wani otal a Amman tare da 'yarsa Rima, 'yan ƙunar baƙin wake suka tayar da bam. Ita ta rasu nan take, shi kuwa ya cika bayan kwana biyu. Allah Ya jiƙansu. Na kan yi tunani, da ya samu ya yi fim ɗin nan, ko da ya mayar wa Isa mai iyo da addininsa da zinariyarsa.