Fada Andreo Cseh: Malamin Da Ya Koyar Da Harshe Ba Tare Da Littafi Ba

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Dutsin-Ma daga Ɗantutture ko Kurfi ya san irin baƙin nan 'yan kudu masu sayar da kayan gyaran babur. Mutum zai zo bai san ko "sannu" ba, kafin shekara ta zagayo sai ka ji shi yana ciniki har da zolaya, ba allo ba ƙamus. Wannan ne ya tuna mini da tarihin wani limamin cocin Katolika da ya mayar da irin wannan koyo sana'arsa.

Sunansa András Cseh, amma an fi saninsa da Andreo Cseh, kuma ana furta sunan kamar "ce" ɗinmu na Hausa. An haife shi a 1895 a yankin Transilbaniya, lokacin yana ƙarƙashin Hungari. Tun yana saurayi, a 1910, ya koyi Esperanto, wato harshen da wani likitan ido Bayahude mai suna Zamenhof ya ƙirƙira ya fitar a birnin Warsaw a 1887, da burin ya zama harshe na biyu ga kowa, wanda ba mallakin wata ƙabila ba. An naɗa Cseh fada a 1919.

A daidai lokacin ne Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare, aka yanke yankinsu aka ba Romaniya. A 1920 Cseh yana garin Sibiu, ya tara ma'aikata zai koya masu Esperanto, sai ya tarar da matsala biyu. Babu littattafai, sannan ɗaliban nasa wasu Romaniyanci suke ji, wasu Hungariyanci, wasu Jamusanci, ga kuma tabon yaƙi bai warke a tsakaninsu ba. In ya zaɓi harshen ɗaya ya yi bayani da shi, ya ɓata wa sauran.

Sai ya ƙi zaɓen ko ɗaya. Ya shiga aji da alli da takarda da 'yan tarkace, ya ɗaga abu ya faɗi sunansa da Esperanto, ya yi tambaya, ajin duka su amsa da murya ɗaya, kamar dai yadda almajirai ke bin malam. Amsar taron nan tana da hikima, domin dattijon da ke jin kunyar yin kuskure a gaban yara sai ya ɓuya cikin muryoyin jama'a har bakinsa ya saba. Ba ya karanto masu dokokin nahawu. Yakan bari su gano da kansu cewa duk suna yana ƙarewa da "o", sifa kuma da "a". Ga shi da barkwanci, ajinsa ba ya rabuwa da dariya. A ganina larura ce ta haifi dabarar, ba zurfin nazari ba, kuma hakan bai rage mata daraja ba.

Daga nan sunansa ya bazu. Bishop ɗinsa, Majláth, ya ba shi izinin ya duƙufa kan wannan aiki. Ya zauna Bukares, ya yi aiki a Geneva, a 1927 aka gayyace shi Suwidin inda har 'yan majalisar ƙasar suka zauna a ajinsa. A 1930 shi da wata mata 'yar Holan, Julia Isbrücker, da mijinta suka kafa cibiyar horar da malamai a birnin Hague, a 1932 kuma ya fara fitar da mujallar La Praktiko cikin sassauƙan harshe domin sababbin ɗalibai.

Cikin waɗanda suka rungumi dabararsa har da Lidia, autar Zamenhof, wadda ta yi ta koyarwa da ita a Faransa da Amurka. Amma zamanin bai yi wa masu wannan buri daɗi ba. Gwamnatin Hitler ta rushe ƙungiyoyin Esperanto a Jamus, Stalin ma ya kama masu harshen da dama da zargin leƙen asiri. Lidia ta koma Poland a 1938, aka kashe ta a sansanin Treblinka a 1942. A wannan shekarar ce Cseh da abokansa suka kafa ƙungiyar Universala Ligo a ɓoye a Hague, sojojin Jamus na mamaye da ƙasar.

Shi ma bai fita salin alin ba. Daɗewar da ya yi nesa da cocinsa ta jawo aka janye masa izinin aikin fada, ya yi shekaru masu yawa a haka. Sai a 1978 aka mayar masa, yana da shekara 82. Ya rasu a Hague a watan Maris na 1979.