Daga Allurar Bushiya zuwa Harawa: Binciken Dabbobi a Arewacin Nijeriya

Binciken dabbobi a Arewacin Nijeriya ya samo asali ne daga tsoron bushiya, annobar shanun da ta ratsa ƙasar Hausa da Barno wajen 1890, ta bar Fulani da dama daga su sai sanda. Gwamnatin mulkin mallaka, wadda jangali ke cika mata baitulmali, tana da dalilin kare garke, shi ya sa ta kafa ɗakin binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924, sannan ta buɗe gonar kiwo ta Shika a 1928, wadda ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1976.

A fagen yaƙi da cuta an ci nasara, ko da yake da tuntuɓe. Gangamin rigakafi na JP15, wanda aka fara a 1962 a ƙasashen Tafkin Chadi, ya durƙusar da bushiya, amma da aka yi sakaci da yi wa maruƙa allura sai ta dawo da ƙarfi a 1983, kuma sai a 2011 aka tabbatar da gushewarta daga duniya.

Abincin rani ne ya gagari masana, domin allura ba ta buƙatar komai daga makiyayi sai ya kawo garkensa, alhali ciyawa tana buƙatar ƙasa. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 masanan cibiyar binciken dabbobi ta ILCA, mai hedikwata a Habasha, suka gwada rumbun ciyawa a yankin Kachia, wato filin da ya kai hekta 4 da ake shingewa a shuka sitailo, wani tsiro dangin wake mai gina jiki, a riƙa sakin shanun tatsa a ciki na 'yan sa'o'i kullum idan daji ya bushe. Shanun sun amfana ƙwarai, sai dai makiyayin da ke zaune a aron fili ba zai sayi waya ya kafa shinge a inda za a iya tashinsa baɗi ba, ga kuma gobarar daji.

Daga baya hankalin masana ya koma kan abin da manomi ya daɗe yana ɗorawa a kan bishiya da soro, wato harawa, inda ILRI, magajiyar ILCA, ta haɗa hannu da cibiyar binciken noma ta IITA a Kano wajen zaɓen irin waken da ke ba da ƙwaya ga gida da harawa ga tumaki.