Zanen Bikin Sunan Yarabawa da Hannun Zariya a Cikinsa

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, duk wanda ya tashi a Funtuwa ya san sunan Yarabawa. Tun da jirgin ƙasa ya ratsa garin daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, ga kuma cinikin auduga, suke zaune tare da mu. Mun ga mata cikin anko da manyan ɗaurin kai, mun ji kalangu. A al'adarsu akan ɗanɗana wa jariri ruwa, da gishiri, da zuma, da manja, kowane da addu'arsa.

To, wannan rayuwa ta samu masu zana ta, kuma da yawa cikinsu ta Zariya suka bi. A 1958 ɗaliban zane na Kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya, suka ce ba za su ƙare a kwaikwayon Turawa ba. Cikinsu akwai Yusuf Grillo, Bayaraben Legas kuma Musulmi. Shi ya yi ta zana matan kasuwa, da makaɗa, da uwa da ɗanta, galibi da launin shuɗi irin na rinin adire. Kyawun aikinsa, a ganina, shi ne bai bi sarakai ba. Talakawa ya zana. Ya rasu a 2021.

Ita ma Georgina Beier, Baturiyar da ta koyar da samari zane a Oshogbo a 1964, sai da ta zauna a Zariya tukuna. Cikin samarin nan akwai Jimoh Buraimoh mai zane da duwatsun ado, da Twins Seven-Seven. Sunan nan nasa ma labarin haihuwa ne: mahaifiyarsa ta haifi tagwaye har sau bakwai, shi kaɗai ya rayu. Yarabawa kuwa sun ɗauki tagwaye da girma. Taiwo da Kehinde ne Hassan da Husaininsu, Idowu kuma Gambonsu.

Abin da ke damuna shi ne namu. Zanen suna, da yankan rago, da askin jariri, da kunun kanwar mai jego, duk suna sauyawa a Funtuwa da Malumfashi, ga shi ajin zane ya zama saniyar ware a makarantu da dama. Ina ba ƙungiyarmu shawara, cikin gudummawar bana a ware kuɗin fenti da takarda, a kuma nemi malamin zane ko da na wucin gadi ne.