Tarihin ɗauraye tsiro a dahuwar giyar sha'ir

Giyar sha'ir daga tsiro take farawa. Akan jiƙa hatsin har ya tsira, a busar, a ɓarza, sannan a zuba shi cikin ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 67 na kimanin awa ɗaya, sitacinsa ya koma sukari. Ruwan zaƙin da aka tace shi ake tafasawa a sa wa yis. Sai dai dusar kan riƙe sukari mai yawa, kuma kowane zamani da dabararsa ta ƙwato shi.

A Ingila ta dā, jiƙo ake maimaitawa. Tatar farko, mai kauri da danƙo, ita ke ba da giya mai ƙarfi. A sake zuba ruwa a kan dusar nan a samu matsakaiciya, ta uku kuwa tsararo ce da barori da ma'aikatan gona ke sha da abinci. Kamfanin Fuller's na Landan har yau yana fitar da giya iri-iri daga jiƙo ɗaya.

Yayyafa ruwan zafi a kan dusa yayin da take tsiyaya, wato ɗauraya, a Sikotland ya kafu a ƙarni na 18, Ingila ta bi sahu a ƙarni na 19. Tsimi ne ya kawo shi. Tun 1697 gwamnati ke karɓar haraji a kan tsiro a Ingila, ba a soke shi ba sai 1880, a 1784 kuma John Richardson ya yaɗa ma'aunin sukarin ruwan tsiro. Da asara ta zama abin aunawa, babu mai kamfanin da zai yarda shanu su cinye sukarin da ya biya wa haraji.

Birtaniya ta cire lasin yin giya a gida a 1963, Amurka ta halatta shi a 1978, masu yi a gida suka kwaikwayi kamfanoni har da ɗaurayar, ko da yake lissafinsu daban ne. A shekarun 1990 George Fix, masanin lissafi Ba'amurke, ya ba da shawarar a bar ɗaurayar: a tace sau ɗaya, a ƙara hatsi. Ƙarin yakan kai kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Tukunyar lita 19 da ke cin kilo 5 sai ta ci kusan 6. Ga kamfani wannan asara ce babba, ga mai tukunya ɗaya kuwa kuɗin kilo guda ne, ya huta da ɗawainiya, ya kuma kauce wa baurin da ɓawon hatsi ke saki idan ɗauraya ta yi yawa.

A tsakiyar shekarun 2000 masu yi a gida a Ostareliya suka ƙara sauƙaƙa abin: a zuba tsiron cikin jakar yadi mai laushi, a tsoma cikin dukkan ruwan a tukunya ɗaya, a ɗaga ta tsane, a ɗora tukunyar a wuta.