Muƙabala

Daga Larabci muka aro ta, tushenta ɗaya da alƙibla: fuskantar juna. A Kano ma'anarta ta ƙuntata, ta koma zaman da malamai ke kafsa hujja, kowa da tulin littattafansa. Larabci kuwa bai ɗora mata wannan zafin ba. Ganawar ɗaukar ma'aikata ma muƙabala ce.

Bahaushen Gadarif, garin riɗi da dawa a gabashin Sudan, yana jin ta da wannan ma'anar, ko da yake bakin 'yan Sudan ya fi sabawa da mu'ayana, daga kalmar ido, wato a gan ka ƙiri-ƙiri. To, ranar mu'ayana sai a sammaka, da takardun shaida a hannu, tufafi fes, amsa kuma gajeriya.