Wuƙar aljihu

Wuƙar aljihu ƙaramar wuƙa ce da ake naɗe ruwanta, wato ƙarfen da ke yanka, ya shige cikin ƙota, ta yadda za a iya jefa ta a aljihu ba tare da kube ba. Mafi yawan waɗanda ake sayarwa a yau da ƙarfen da ba ya tsatsa ake ƙera su. Tana cikin kayan da mutum ke fita da su kullum, tare da agogon hannu da makulli da tocila, kuma a wasu ƙasashe akwai masu tara ta iri-iri don sha'awa.

Suna

Kalmar "wuƙa" Bahaushiya ce, jam'inta wuƙaƙe. "Aljihu" kuwa aro ce daga Larabci, kamar yadda harafin "al" na farkonta ke nunawa. Shi ma abokin tafiyarta, agogo, baƙo ne a harshen: daga Yarbanci aka aro shi, inda asalinsa yake nufin ƙararrawa. Ƙarfen da ba ya tsatsa ba shi da suna guda da kowa ya yarda da shi. A kasuwa an fi ce masa "silba", kamar a "kwanon silba", duk da cewa babu azurfa ko kaɗan a cikinsa.

Tarihi

Wuƙa mai naɗewa mafi tsufa da aka sani an tono ta ne a Hallstatt ta ƙasar Ostiriya, kuma ana ƙiyasta an yi ta tsakanin shekara ta 600 da ta 500 kafin haihuwar Annabi Isa. Rumawa ma sun yi amfani da irinta. Daga baya ta zama kayan masana'anta mai araha. A 1884 Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a Ibach ta ƙasar Suwizalan, a 1891 ya fara ƙera wa sojojin ƙasar wuƙa, sannan a 1897 ya yi rajistar samfurin mai ɗauke da kayan aiki da yawa a ƙota ɗaya. A Faransa, Joseph Opinel ya fara tasa mai ƙotar katako a 1890.

Guda biyu sun fi shafar Afirka. Okapi an fara yin ta a Solingen ta Jamus a 1902 musamman don kasuwannin ƙasashen da Jamus ta mallaka a nahiyar, kuma a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Douk-Douk kuma an ƙera ta a Thiers ta Faransa a 1929, ta samu karɓuwa a Arewacin Afirka da sauran ƙasashen renon Faransa saboda sauƙin kuɗi.

Ƙarfen da ba ya tsatsa

A 1913 Harry Brearley, wani masanin ƙarafa a Sheffield ta Ingila, ya haɗa ƙarfe da sinadarin kuromiyam yana neman abin da zai ƙara wa bututun bindiga ƙarko. Sai ya lura cewa haɗin ba ya tsatsa, maƙeran wuƙaƙen birnin kuma suka karɓe shi. A ƙa'ida, sai kuromiyam ya kai kashi 10.5 cikin ɗari ake lissafa ƙarfe a wannan rukuni. Sinadarin yana haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ke tare ruwa da gumi, in an kankare ta kuma ta sake fitowa da kanta. Daga nan kamfanin Elsener ya samo sunansa na yanzu a 1921: Victorinox, haɗin sunan mahaifiyarsa Victoria da "inox", taƙaitaccen sunan wannan ƙarfe a Faransanci.

Silba ba iri ɗaya ba ce. Wadda ake yin ruwan wuƙa da ita, kamar mai lamba 420 ko 440, tana da sinadarin gawayi isasshe, don haka tana taurara idan aka gasa ta aka tsoma. Wadda ake yin jikin agogo da ita, galibi 316L, ta fi jure gumi da ruwan gishiri, amma ba ta taurara a wuta, saboda haka ba ta riƙe kaifi. Ƙyalli kaɗai ba ya nuna ingancin wuƙa. Da yawa daga cikin masu arahar da ke cika tiren 'yan koli ƙarfensu laushi gare shi, suna dakushewa cikin 'yan kwanaki, kuma ƙusar da ruwan ke juyawa a kanta ita ce ke fara sakin jiki.

A ƙasar Hausa

Tun kafin zuwan mai naɗewa, Bahaushe yana da wuƙar da yake yawo da ita. Maƙeri ke ƙera ruwan, baduku ya ɗinka kuben fata, mai ita ya soke ta a ƙugu ko ya ɗaura a damtse ƙarƙashin riga. Wuƙar damtse ta fi yawa a wajen Buzaye, waɗanda ke kiranta "telek", da Fulani makiyaya, da matafiya. A garuruwan noma da kiwo na arewa maso yammacin Jigawa, irin su Kanya Babba a ƙaramar hukumar Babura, da ƙauyukan Kazaure, Roni da Gwiwa, wuƙa kayan aiki ce kafin komai: yanke igiya, fere rake, gyaran ƙotar fartanya, yanka kaza, fiɗa ranar layya. Malaman allo da almajirai suna feƙe alƙalami da ƙarama.

Mai naɗewa ta shigo ta hanyar fatauci, ta kuma samu wuri saboda ba ta buƙatar kube, ba ta tsatsa da damina. Duk da haka ba ta ture ta maƙera ba, kuma akwai dalili. Maƙera kan yi amfani da tsohon sifirin na mota, ƙarfe mai ɗaukar kaifi sosai, wanda 'yan gogawa kaɗan a dutse ke dawo da bakinsa. Idan ƙota ta tsage, a nan kasuwar za a sa wata. Shi ya sa mahauta da masu tsire suka fi sakin jiki da wuƙar maƙera, ta silba kuma ta tsaya a ƙananan ayyuka.

Tarawa da agogon hannu

A Turai da Amurka masu tarawa suna duba tambarin da aka buga a gindin ruwan wuƙa don gane shekarunta. Kamfanin Case na Amurka, alal misali, ya fara sa ɗigogi masu nuna shekara a 1970. Sau da yawa mai tara wuƙa yana tara agogo, kuma kamfanoni sun gane haka: Victorinox ya shiga sayar da agogo a 1989. Daga cikin agogunan da aka fi so don amfanin kullum akwai Seiko 5, da aka fara a 1963, mai ɗaukar wani da motsin hannu, da Casio F-91W na 1989, wanda batirinsa kan kai kimanin shekara bakwai.

A ƙasar Hausa agogo ne ya fi kusa da abin tarawa. Yana cikin lefe, yana cikin tsarabar alhazai, musamman mai nuna lokutan salla, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya ware na zuwa aiki daban, na Juma'a da biki daban. Wuƙa ba ta samu wannan matsayi ba. Tsofaffin wuƙaƙe da takubba masu kuben ado an fi ganin su a rumfunan Kasuwar Kurmi ta Kano, inda baƙi masu yawon buɗe ido ke saye, ko a gidajen sarauta da wajen hawan salla.

Doka

Kowace ƙasa da inda ta ja layi tsakanin kayan aiki da makami. A Ingila, dokar 1988 ta yarda a fita da wuƙa mai naɗewa wadda ba ta kullewa idan bakinta bai wuce inci 3 ba. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 an tsaurara hana shiga jirgin sama da wuƙa a jiki, abin da ya durƙusar da cinikin kamfanonin Suwizalan, har Victorinox ya saye abokin hamayyarsa Wenger a 2005. A biranen Arewacin Najeriya, musamman Kano, faɗan daba da ƙwacen waya sun sa 'yan sanda suna kama matasan da aka samu da wuƙa, kuma makarantu da wuraren taro suna ƙwace ta a ƙofa. Wuƙar da ba wanda zai tanka wa manomi a kanta a hanyar gona tana iya kai matashi ofishin 'yan sanda idan aka same ta a aljihunsa da dare a cikin birni.