Idon Wa Kyamara Ta Ara? Nazarin Ra'ayoyin Masu Kallon Fim ɗin BAC Nord

A watan Yulin 2021, a bikin fina-finai na Cannes, bayan an haska fim ɗin BAC Nord karon farko, wani ɗan jarida ɗan ƙasar Ayilan mai aiki da kamfanin dillancin labarai na AFP, Fiachra Gibbons, ya miƙe a taron manema labarai. Ya yaba aikin da aka yi, sannan ya ce abin da ya gani zai iya sa mutum ya jefa wa Marine Le Pen, 'yar siyasar Faransa mai tsattsauran ra'ayi, ƙuri'a. Wasu daga cikin 'yan wasan da ke kan teburi suka yi dariya. Daraktan fim ɗin, Cédric Jimenez, ya ce ba manufarsa ke nan ba. Ba a yi wata biyu ba dariya ta koma ciki, domin Le Pen da kanta ta fito ta yi kira ga Faransawa da su je su kalli fim ɗin su ga halin da ƙasarsu take ciki. Éric Zemmour, wanda ya fi ta zafin ra'ayi a kan baƙin haure, shi ma ya riƙa kafa hujja da shi.

Wannan nazari ya duba yadda fim ɗaya ya raba masu kallonsa, da dalilin da ya sa gardamar ba ta tsaya a kan kyan fim ko muninsa ba. Kusan kowa ya yarda an iya aiki. Abin da aka yi ta sa-in-sa a kansa shi ne kalma ɗaya: gaskiya.

BAC taƙaitaccen suna ne na rundunar 'yan sandan Faransa mai yaƙi da aikata laifuka a kan titi. Jami'anta galibi farin kaya suke sawa, suna yawo a motocin da ba su da tambari, aikinsu kama mai laifi dumu-dumu. Wanda ya san labarin rundunar SARS da aka rusa a Najeriya a 2020 ba zai sha wahalar gane irin ƙaurin sunan da irin wannan runduna kan yi ba, ko da yake laifuffukan da aka zargi kowacce da su sun sha bamban. A watan Oktoban 2012 hukumar IGPN, wadda ake yi wa laƙabi da 'yan sandan 'yan sanda, ta dira a kan reshen BAC na arewacin birnin Marseille, bayan ta ɗauki lokaci tana naɗar hirarrakin jami'an da na'urorin da ta ɓoye a motocinsu. An zarge su da ƙwace tabar wiwi da kuɗi da sigarin fasa-ƙwauri daga hannun dillalai. An sami wiwi a ɓoye a ofishinsu, har a cikin silin. Ministan cikin gida na lokacin, Manuel Valls, ya rusa sashen da ke aikin rana. Jami'ai 18 aka gurfanar, amma sai a watan Afrilun 2021 aka yanke hukunci: aka wanke 7, aka yi wa 11 ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka. Masu gabatar da ƙara suka ɗaukaka ƙara a kan mafi yawansu.

Abin lura a nan shi ne lokaci. An ɗauki fim ɗin a 2019, tun kafin kotu ta zauna. An shirya fitar da shi a ƙarshen 2020, annobar korona ta hana, sai ranar 18 ga Agustan 2021 ya shiga gidajen sinima. Wato an rubuta labarin shari'ar da ba a yi ba, aka kuma nuna shi yayin da ƙarar da aka ɗaukaka take jiran ranarta.

Jimenez da Audrey Diwan, wadda suka rubuta labarin tare, sun rage mutum 18 suka mai da su uku: Greg, wanda Gilles Lellouche ya fito a matsayinsa, da Yass, wato Karim Leklou, da Antoine, wato François Civil. Manyansu na matsa musu su kawo adadin kame mai yawa don a cika takarda, har ta kai su ga farautar masu sayar da kunkuru a kasuwa, alhali manyan dillalai na cin karensu babu babbaka a dogayen benayen unguwannin talakawa. Da aka buƙaci su yi babban kamu, sai Amel, yarinyar da ke tsegunta wa Antoine labari, ta ce ladarta kilo biyar na wiwi. Shugabansu ya amince da baki, ba da rubutu ba. Suka tara wiwin ta hanyar ƙwacewa daga masu saye, samamen ya yi nasara, aka yi murna. Bayan 'yan watanni IGPN ta kama su, shugaban ya ce bai san zancen ba, suka tsinci kansu a kurkuku.

Fim ɗin ya sami masu kallo sama da miliyan biyu a gidajen sinimar Faransa, a lokacin da ba a shiga sai da takardar shaidar riga-kafi ko ta gwaji. A wajen Faransa kuwa Netflix ce ta watsa shi. A shafin AlloCiné, inda Faransawa kan ba fina-finai maki, makin da 'yan kallo suka ba shi ya ɗara na masu sharhi a jaridu. Abin da masu yabon suka fi maimaitawa shi ne wasan jaruman uku, da bugun zuciyar da samamen tsakiyar fim ɗin ke sa mutum, sai kuma cewa a ƙarshe an sami wanda ya yi ƙarfin halin nuna abu yadda yake.

Wannan na ƙarshen shi ne ya cancanci a daɗe a kansa. Unguwannin arewacin Marseille, wato gundumomi na 13 zuwa 16, gida ne ga mutum kusan dubu 250, da yawansu 'ya'ya da jikokin waɗanda suka zo daga Aljeriya da tsibiran Komoros da wasu ƙasashen Afirka. A can Zinedine Zidane ya tashi, a rukunin gidajen La Castellane. Ko da duk mazauna yankin sun sayi tikiti, ba za su kai kashi ɗaya cikin takwas na masu kallon ba. Ke nan mafi rinjayen waɗanda suka shaidi fim ɗin da faɗin gaskiya ba su taɓa kwana a wurin ba. To da me suka auna? Sun auna shi da hotunan da labaran talabijin suka daɗe suna nuna musu: matasa da fuska a rufe, yaran da ke gadi a bakin unguwa waɗanda ake kira shuf, kururuwar gargaɗi idan motar 'yan sanda ta doso, bindigar Kalashnikov. Fim ɗin ya yi daidai da abin da suka riga suka sani, sai suka kira dacewar gaskiya.

Sai dai ba za a ce masu wannan ra'ayi ruɗu kawai suka gani ba. A daren ranar da fim ɗin ya fito, an harbe wani yaro ɗan shekara 14 a bakin rukunin gidajen Les Marronniers a Marseille. Makonni biyu bayan haka shugaba Emmanuel Macron ya kwana uku a birnin yana shelar shirin farfaɗo da shi. A 2023 rikicin ƙungiyoyin dillalai ya ci rayuka 49 a yankin. Duk wanda ya ce Jimenez ƙirƙirar bindigogin ya yi bai yi masa adalci ba.

'Yan sanda kuwa wani fim daban suka kalla. Su abin da ya taɓa su shi ne kashi na ƙarshe, inda na sama ya zame ya bar na ƙasa da jangwam. Tun zamanin tsohon shugaban ƙasa Nicolas Sarkozy ake kokawa da tsarin auna aikin ɗan sanda da yawan alƙaluman kame, kuma a watan Mayun 2021, bayan kisan wani jami'i a wurin sayar da ƙwaya a garin Avignon, dubban 'yan sanda sun yi gangami a gaban majalisar dokoki a Faris suna cewa kotuna na karya musu gwiwa. Fim ɗin ya faɗo a tsakiyar wannan ɓacin rai kamar faɗuwa ta zo daidai da zama. A watan Fabrairun 2022 ƙungiyar ƙwadagon 'yan sanda ta Alliance ta haska shi a taron da ta gayyaci masu neman shugabancin ƙasa, inda Le Pen da Zemmour da Valérie Pécresse suka halarta.

Masu suka, musamman a jaridu masu ra'ayin kawo sauyi irin su Libération, da wasu mazauna unguwannin, ba su ƙaryata abin da aka nuna ba. Tambayarsu ita ce: ina sauran mutanen? Jaruman uku suna da suna, suna da gida. Muna ganin Yass da matarsa Nora, wadda Adèle Exarchopoulos ta fito a matsayinta, suna jiran haihuwa, muna ganin su suna gasa nama suna barkwanci. Mutanen benayen kuwa taro ne mai ihu, ba suna, ba fuska, suna ɓarkowa daga matattakala kamar zuma an taɓa amya. Malamar makaranta, direban bas, uwar da ke tsoron ɗanta ya faɗa hannun dillalai, waɗanda su ne suka fi kowa shan wahalar wannan ciniki, da wuya kyamara ta tsaya a kansu. Wuri ɗaya ne fim ɗin ya sassauta: inda suka kama wani yaro mai bakin tsiya suka sa shi a mota, waƙar mawaƙin Marseille Jul ta tashi a rediyo, ɗan sanda da wanda aka kama suka haɗu suna rerawa. Masu kare fim ɗin kan kafa hujja da wannan fitowa. Yawan komawar da suke yi gare ta shi ke nuna ba ta da 'yar'uwa.

Amsar Jimenez ita ce shi ɗan yankin ne, a can ya tashi, kuma ya zaɓi ya ba da labari ta idon 'yan sanda uku. Ɗan sandan da ya shiga unguwa da mota ba ya haɗuwa da malamar makaranta, da dillali yake haɗuwa. Ya kuma fito fili ya yi tir da yadda masu tsattsauran ra'ayi suka yi amfani da aikinsa. Hujjar tana da ƙarfi ta fuskar fasaha. Rauninta shi ne aron ido ba ya tilasta wa mai fim ya ari hukuncin mai idon. A ainihin shari'ar, kotu ta sami mutum 11 da laifi, ko da yake hukuncin ya yi sauƙi ƙwarai idan aka kwatanta da girman zargin farko. A fim ɗin, duk abin da jaruman suka ƙwata don aiki suka ƙwata, kuma mai kallo na fita da yaƙinin cewa an zalunce su.

Masanin nan na nazarin al'adu, Stuart Hall, ya nuna tun 1973 cewa saƙon da mai shirya shiri ya ƙunsa ba lallai ne ya zama wanda mai kallo zai kwance ba: wani ya karɓa yadda aka ba shi, wani ya karɓi rabi, wani ya juya shi baibai. BAC Nord ya ƙara wani abu a kan wannan. A nan waɗanda suka fi son fim ɗin su ne suka fi yi wa niyyar daraktan karan tsaye. A rubuce, mugun labarin shi ne hukuma: shugaban da ya ci amana, da 'yan siyasar da ke son adadi. A ido kuwa mugun shi ne unguwa. Cin amanar shugaba magana ce ta 'yan mintoci a ofis, samamen kuwa doguwar fitowa ce mai ƙarar harbi da gudu da kyamara mai rawa a kafaɗa. Gani ya kori ji. Abin da mai kallo ya tafi da shi gida shi ne abin da aka fi kashe wa kuɗi da gwaninta.

An taɓa ganin irin wannan a Birazil. José Padilha ya yi Tropa de Elite a 2007 don ya tona asirin zaluncin rundunar BOPE a unguwannin talakawan Rio, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin Berlin a 2008, amma jama'a da dama suka mai da jarumin fim ɗin, Kyaftin Nascimento, gwarzonsu. Kwatancin da ya fi kusa kuwa yana cikin Faransa. Les Misérables na Ladj Ly, wanda ya fito a 2019, shi ma labarin jami'an BAC uku ne, a Montfermeil da ke gefen Faris, shi ma ya haura masu kallo miliyan biyu, ya kuma ci kyautar César ta gwarzon fim. Bambancin shi ne Ladj Ly ya ba yaran unguwa suna da uzuri da laifi, kamar yadda ya ba 'yan sanda, har ya sa wani yaro ya ɗauki hoton 'yan sandan da jirgi maras matuƙi, ido ya koma kan masu kallon mutane. Babu wata jam'iyya da ta iya ɗaukar wannan fim ta mai da shi tutar yaƙin neman zaɓe.

Yawan masu kallon fina-finan biyu ya yi kusa, kuma babu mamaki mutane da yawa sun kalli duka biyun sun ji daɗinsu. Wannan na nuna kada a ɗauki tikiti a matsayin ƙuri'a. Akwai ɗimbin matasa, har da na unguwannin da ake magana a kansu, da suka kalle shi don gudun mota da karin harshen Marseille da waƙar Jul, ba su ga siyasa a ciki ba. Masu surutu a kafafen watsa labarai ƙalilan ne a kan waɗanda suka ci gugguru suka koma gida. A bikin César na 2022 an sa sunan BAC Nord sau bakwai a jerin masu takara, har da a rukunin gwarzon fim, bai ɗauki ko ɗaya ba.

A nawa ganin, masu yabo sun yi daidai da suka ce fim ne da aka ƙware wajen shirya shi, kuma fushinsa a kan shugabannin da ke tura na ƙasa cikin wuta su janye jiki fushi ne mai tushe. Inda suka kauce shi ne kiran sa hoton arewacin Marseille. Hoton abin da 'yan sanda uku suka hango ne ta gilashin mota, kuma labarin shari'ar da ke ciki bakin waɗanda ake tuhuma kaɗai aka ji.